Yadda Allah Ya Yi Jiyyar Iliya

DARASI NA TARA

Wurin karatu: I Sarakuna 19:1-18
Ayar haddacewa: I Korinthiyawa 10:31
Manufa: Mu gane lura da jiki da zuciya yana cikin ibadarmu, mu kuwa fara yinsa da abin da Allah ya rigaya ya sa a hannunmu.

Gabatarwa

Mun saba tunawa da annabi Iliya a bisa Dutsen Karmel, inda ya tsaya gaban annabawan Ba'al 450, wuta kuwa ta sauko daga sama. Darasinmu na yau yana nuna mana mutumin nan jim kaɗan bayan wannan nasara. Yezebel ta aika masa da saƙo, za ta kashe shi kafin gobe war haka. Tsoro ya kama shi, ya gudu daga Yezreyel har Biyer-sheba, tafiyar kimanin mil 100, watau ta fi nisan Bauchi zuwa Jos. Can ya bar baransa, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa.

Sai mu lura da abin da Ubangiji ya yi. Ya bar shi ya yi barci tukuna. Sa'an nan mala'ika ya tashe shi, ga waina toyayya a kan duwatsu masu-zafi, ga kuma butar ruwa wajen kansa. Ya ci, ya sha, ya sake kwantawa. Aka sake tashinsa, aka sake ba shi abinci, gama tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Sai bayan kwana 40, a Dutsen Horeb, Allah ya zauna da shi a kan damuwar zuciyarsa. Wanda ya halicce mu daga turɓaya ya san jiki da zuciya a ɗaure su ke. Bari mu bi matakan nan ɗaya ɗaya.

1. Allah ya ba shi abinci

Abincin da aka kawo wa annabin irin na talaka ne, ya kuwa ishe shi. Mu ma a Bauchi Allah bai bar mu hannu wofi ba. Wanda ya zaga kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti zai ga dawa da gero da masara, da acca daga wajen Tafawa Balewa da Bogoro, da wake da gyaɗa da riɗi da waken suya, da zogale da rama da yakuwa da alayyafo da kabewa, da nono, da busasshen kifi, da daddawa.

Abinci aiki uku ya ke yi mana. Hatsi da rogo da dankali da mai suna ba da ƙarfin aiki. Wake da gyaɗa da ƙwai da nono da nama da kifi suna gina jiki. Ganye da 'ya'yan itace suna tsare shi daga cuta. Tuwo kaɗai yana cika ciki, amma ba ya gina yaro. Idan aka gama hatsi da wake ko gyaɗa, abin da ɗaya ya rasa ɗayan yana cikawa. Saboda haka kunun gyaɗa, da shinkafa da wake, da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, abinci ne na hikima, ko da shi ke waɗansu suna rena su. Garin 'ya'yan kuka kuma, wanda yara su ke tsotsa, ya fi lemo yawan bitamin C.

A nan akwai abin da ya kamata ya taɓa lamirinmu. Binciken lafiya da aka yi a Nijeriya duka a shekarar 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 na ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Jihar Bauchi abin ya kai rabin yaran. Waɗansu cikinsu 'ya'yanmu ne, muna ganinsu a makarantar Lahadi. Tun a shekarar 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, tana aiki a birnin Ankara na ƙasar Gana, ta bayyana wata irin tamowa mai kumbura ƙafa da ciki, mai mai da gashi ja. Mutanen wurin suna kiranta kwashiyoko, watau ciwon yaron da aka yaye domin an sami ƙanensa. Ta ga yaran nan an raba su da mama, an bar su da kokon masara zalla. Har yau haka ya ke faruwa a gidajenmu.

Masana lafiya na duniya sun yarda a kan wannan: a sa jariri a mama tun sa'ar farko, kada a zubar da dakashi, gama shi ne rigakafinsa na fari. A ba shi mama kaɗai har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo. Daga nan a ƙara masa kunu mai-kauri da aka sa wa gyaɗa ko waken suya ko ƙwai, a ci gaba da ba shi mama har shekara 2. Zancen da a ke yi, wai yaron da ya ci ƙwai zai zama ɓarawo, ba shi da tushe ko kaɗan.

Ku iyaye maza, da ku mu ke magana yanzu. Idan maigida ya tsaya wurin mai-tsire da dare ya ci shi kaɗai, matarsa mai-ciki da 'ya'yansa kuwa suna gida da tuwo da miya tsinkakkiya, me zai faɗa wa Ubangiji? Kuɗin tsiren nan zai sayi wake da zai ratsa gidan duka. Mun sani tsadar abinci ta matsa wa mutane ƙwarai, akwai kuma gidajen da ba su da zaɓi. Wannan kaya ne na ekklesiya. Yaƙub 2:15-16 yana tsauta wa wanda ya sallami mayunwaci da fatan alheri kaɗai.

Ga masu-hali kuma akwai gargaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau kusan ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen magi, rabinsa ko fiye gishiri ne, ga shi muna zuba uku ko huɗu a tukunya ɗaya, mu ƙara gishiri a kai. Yawan gishiri yana jawo hawan jini, yawan sukari da lemon kwalba suna kawo ƙiba, su share wa ciwon sukari hanya. Masar Bauchi ta yi suna, ba mu ce a bar ta ba. A ci ta da miyar taushe mai-yawan ganye, a rage mai da sukari.

2. Allah ya ba shi ruwa

Ba a manta da butar ruwa ba. Garinmu yana shan ruwa daga madatsar Gubi, da rijiyoyi, da burtsatse, da hannun 'yan garuwa. Ruwa ya kan yi garau a ido, duk da haka yana ɗauke da cuta. A shekarar 2021 annobar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka mutu, Jihar Bauchi kuwa tana cikin waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna. Ƙwayar cutar nan daga bayan gida ta ke fitowa, ta shiga ruwa ko abinci, ta koma bakin mutum.

Tun zamanin Musa, Allah ya umarci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan zango, kowa ya haƙa rami ya rufe ƙazantarsa (Kubawar Shari'a 23:12-14). Dalilin da aka ba su shi ne, Ubangiji yana tafiya a tsakiyar zangonsu. Idan mun gaskata yana zaune a gidajenmu, sai mu gina masai nesa da rijiya, mu rufe shi. Mu tafasa ruwan da ba mu tabbata da shi ba, mu rufe randa, mu keɓe mata moɗa. Mu wanke hannu da sabulu bayan mun fito daga masai, da kafin mu taɓa abinci.

Idan gudawa ta kama yaro, ƙarewar ruwan jiki ita ce ke kashe shi. A dama masa garin gishiri da sukari na ƙunshi wanda a ke samu a asibiti da kantin magani. In babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari, a shafe bakinsu, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, a ci gaba da ba shi mama, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

3. Allah ya ba shi hutu

Sau biyu Iliya ya kwanta, ba a kuwa kira shi rago ba. Ubangijinmu Yesu da kansa ya janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa domin su huta, sa'ad da taro ya hana su ko cin abinci (Markus 6:31). Babban mutum yana bukatar barcin sa'a 7 ko 8, yara kuwa fiye da haka. Mu tambayi kanmu, wa ke hutawa a gidanmu? Sau da yawa uwargida ce ta fara tashi, ita ce kuma ta ƙarshen kwanciya, har ran Lahadi. Dokar Asabar ta haɗa da 'ya'ya da barori har da dabbobi (Fitowa 20:10).

Bayan hutun sai tafiya ta biyo. Waɗanda aikinsu na zama ne, a ofis ko a shago, su riƙa taka ƙasa da sauri kamar minti 30, kwana 5 cikin mako. Wanda gidansa ke kusa da majami'a, me zai sa ya hau babur?

4. Allah ya gyara tunaninsa

A Horeb Iliya ya yi kuka sau biyu, wai shi kaɗai ya rage. Amma a sura 18 Obadiya ya rigaya ya gaya masa ya ɓoye annabawa 100 cikin kogo, yana ciyar da su. Gajiya da tsoro su kan sa mutum ya manta da alherin da ya sani. Allah ya saurare shi har ya gama. Iska mai-ƙarfi ta wuce, da girgizar ƙasa, da wuta, sa'an nan Ubangiji ya yi magana da shi a hankali. Ya ba shi abu uku: gaskiya, cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba; da aiki, cewa ya koma ya shafe sarakuna biyu da annabi; da abokin tafiya, watau Elisha.

Farin zuciya na mai-bi ba rufe ido ba ne daga wahala. Yezebel tana nan a kan mulki sa'ad da Iliya ya juya. Abin da ya sake shi ne, ya daina ƙirga abokan gaba kaɗai, ya fara ƙirga abin da Allah ya rage masa. Misalai 17:22 yana kwatanta farin zuciya da magani, baƙin ciki kuwa da abin da ke busar da mutum. Likitoci ma sun tabbatar doguwar damuwa tana hana barci, tana ɓata cin abinci, tana ƙara hawan jini. Saboda haka mu saba da yin godiya kowace maraice, muna ambaton alheran yinin da sunansu. Mu gafarta da wuri. Kada mu bar baranmu a Biyer-sheba mu shiga jeji mu kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gargaɗi biyu

Na fari, kada mu ce wa marar-lafiya zunubinsa ne ya jawo masa. Yesu ya ƙi wannan zato a kan mutumin da aka haifa makaho (Yohanna 9:1-3). Akwai tsarkaka da suka kiyaye jikinsu sarai, ciwo ya same su duk da haka. Idan ɗan'uwa ya daɗe cikin baƙin ciki, har yana zancen gara ya mutu, kada mu zarge shi da rashin bangaskiya. Mu zauna tare da shi, mu ciyar da shi, mu yi addu'a, mu raka shi wurin likita, kada kuwa mu bar shi shi kaɗai.

Na biyu, kada mu gwada Allah. Hawan jini ya kan zauna cikin mutum shekaru ba alama, sai ran da ya shanye masa ɓarin jiki. A riƙa zuwa awo. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya yar da shi da sunan bangaskiya; Bulus ya kira Luka likita ƙaunatacce (Kolosiyawa 4:14). Mai-ciki, da mai-goyo, da mai-ciwon sukari, su nemi shawara kafin su shiga dogon azumi. Jikin nan an saye shi da tamani, haikali ne na Ruhu Mai-Tsarki (I Korinthiyawa 6:19-20), amana ce kuwa da za mu ba da lissafinta.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Don me Allah ya fara da abinci da barci kafin ya yi magana da Iliya?
2. A gidanmu, wa ke samun mafi kyaun abin da ke cikin tukunya? Wa ya fi bukatarsa?
3. Ina ruwan shanmu ya ke fitowa, ta yaya kuma mu ke tsare shi?
4. Su wane ne 7,000 ɗin da mu kan manta da su sa'ad da zuciyarmu ta karai?
5. Me Zumuntar Mata da dattawa za su iya yi domin gidajen da abinci ya gaza?

Aikin mako

Kowane gida ya dasa zogale ko ya shuka ganye a tsakar gida, ko cikin tsohon buhu ne. Kowane ɗan aji kuma ya ziyarci mutum ɗaya da ya daɗe ba a gan shi a sujada ba, ya tafi da ɗan abinci a hannu.

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, kai da ka ciyar da bawanka a jeji, muna gode maka domin hatsi da ganye da ruwa da barci. Ka koya mana mu riƙe jikinmu da tsarki, mu tuna da ƙanana da raunana a bakin akushi. Ka ta da waɗanda zuciyarsu ta karai, ka mai da mu abokan tafiyarsu. Cikin sunan Yesu Kristi Mai-Cetonmu. Amin.