Baƙo Raɓa Ne

A wani ƙauye kusa da Kore Mairuwa, cikin yankin Tibiri, akwai wani dattijo manomi da kowa ke kira Baba. Wata rana da kaka, yana dawowa daga kasuwa a bayan ɗan kabu-kabu, mota ta banke su a kan babbar hanyar Dosso zuwa Dogon Dutsi. Haƙarƙarinsa suka karye, numfashi ya gagara. Daga Dosso aka wuce da shi Yamai, inda ya kwana 9 a ɗakin masu ciwo mai tsanani, wanda ma'aikata ke kira "reya", na'ura tana hura masa iska. Allah ya sa da sauran shan ruwa a gaba, ya farfaɗo.

Ranar sallama aka miƙa wa ɗiyarsa takarda mai magani 4. Ta naɗe ta cikin leda, ta ɗaure a bakin zane. Duk sanda kwalaye suka ƙare, sai ta auna wake ta sayar, ta haɗa da abin da wanta ke aikowa daga Kwatano, ta hau mota zuwa Dogon Dutsi ta sayo wasu. A ranta, waɗannan ƙwayoyin ne suka dawo da mahaifinta daga bakin kabari. Barin su tamkar butulci ne.

Ƙashi ya ɗoru, amma Baba bai dawo Baba ba. Hannunsa ya kama rawa har buta na suɓuce masa wajen alwala. Takunsa ya gajarce kamar mai tafiya a kan ƙaya. Fuskarsa ta sandare, yawu na zuba a kan rigarsa, bayan gida kuma ya ƙi. Maƙwabta suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. An yi rubutu, an yi hayaƙi, ba sauƙi.

A wata na 4 ta kai shi likitar garinsu. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya dubi tafiyar tsohon tun daga bakin ƙofa, ya ce, "Ƙanwata, juye mini duk abin da yake sha."

Ta kwance leda. Ya jera kwalayen a kan tebur, ya buga wa likita waya, suka daɗe suna magana. Sannan ya ɗaga na farko.

"Wannan omeprazole ne. Mai kwance a kan na'ura cikinsa na iya zubar da jini, shi ya sa ake ba shi. Baba yana cin tuwonsa yanzu, aikinsa ya ƙare. Wannan haloperidol ne, na ruɗewar da kan kama mutum a reya har ya riƙa fizge robobin jikinsa. In aka daɗe ana sha, shi ke kawo rawar hannu da sandarewar jiki. Wannan kuma tramol ne, na zafin karaya. Shi ya ɗaure masa ciki, kuma jiki ya riga ya saba da shi."

Ta dafe ƙirji. "Majo, ashe da hannuna nake cutar da shi? Bari in watsar da su duka!"

"A'a, kada ki yi. Ba laifinki ba ne. Takardar ba ta faɗi ranar tsayawa ba. Amma tramol ba a yanke shi rana ɗaya, sai an bi sannu-sannu, in ba haka ba zufa da makyarkyata da rashin barci su taso masa. Na huɗun nan kuwa na hawan jini ne. Shi ɗan gida ne, yana nan daram."

Ya rubuta mata yadda za a riƙa ragewa mako-mako, da ranar da za su dawo. Ya juya ga tsohon ya ce, "Baba, in sha Allahu bana da hannunka za ka yi shuka."

Haka kuwa aka yi. Da ruwan farko ya sauka, aka ga Baba a gona yana jefa irin hatsi cikin rami yana rufewa da diddige, hannunsa ba rawa.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Yawancin magungunan ɗakin reya baƙi ne: sun zo domin wata larura, in ta wuce su ma su kama hanya. Don haka duk wanda aka miƙa wa takardar sallama, kada kunya ta hana shi tambaya a kan kowane magani: na mene ne, har yaushe za a sha, wa zai ce a daina? Ma'aikacin lafiya kuma, yadda ya rubuta ranar farawa, ya rubuta ranar gamawa. Da an yi wa ɗiyar Baba wannan, da wakenta na nan cikin rumbu, da mahaifinta bai yi rani guda yana rawar hannu ba.