Kalankuwa a Ƙasar Illela: Ina Iyakar Al'ada da Ibada?

Kalankuwa biki ne na kaka da samari da 'yan matan karkara kan yi bayan an yanke gero an ɗaure dammuna. A ƙauyukan da ke tsakanin Illela da Birnin Konni, inda yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 suka shata iyaka a tsakiyar dangi ɗaya, irin wannan shagali ya girmi iyakar nesa ba kusa ba. Ana kokawa da dambe da kiɗan kalangu, ana baƙuntar samarin maƙwabta, sannan a yi wasan kwaikwayon sarauta: wannan ya zama sarki, wancan alƙali, a zamanin Turawa har da gwamna da ɗan doka. Talaka ya hau gadon mulki na kwana kaɗan, a yi dariya, a watse.

Sai dai shagulgulan kaka ba wasa kaɗai suka ƙunsa ba. A wajen Azna, masu bin addinin gargajiya, shekarar noma tana tafiya da yanka ga iskoki da buɗin daji da duba. Har yau a Masalata, kusa da Konni, ana taron arwa, inda dattawan Azna kan faɗi yadda suke ganin damina za ta kasance. A nan ne tambayar malamai ta taso: idan biki ya tsiro a gindin tsafi, shin dukkansa ne haramun, ko kuwa ana iya raba tsaki da tsakuwa?

Tambayar ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. An haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta a 1754, ya yi karantarwa a Ɗagel, duka biyun ba su da nisa da Illela, kuma mutanen da ya yi wa wa'azi kakannin waɗannan manoma ne. A cikin Nurul Albab da Ihya'us Sunna ya soki yanka ga itatuwa da duwatsu, da duba, da cuɗanyar maza da mata. Abin lura shi ne ayyuka ya riƙa ambata ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya dace da tafarkin fiƙihun Malikiyya, wanda ke ba al'adar mutane matsayi matuƙar ba ta saɓa wa nassi ba. Yanka don wanin Allah shirka ne ko da ba a buga ganga ba; kokawar samari biyu a dandali kuwa ba ta zama bauta don kawai an yi ta a lokacin da kakanni ke tsafi.

Masu tsanantawa suna da tasu hujjar, kuma ba ta wasa ba ce: toshe ƙofar ɓarna. Suna cewa kiɗan dare da tsarince ba sa rabuwa da kalankuwa, kuma ɗan kokawa bai cika shiga fage ba laya ba. Wannan ra'ayi ya ƙara ƙarfi bayan kafuwar Izala a Jos a 1978, da kuma dawo da shari'a a Jihar Sakkwato a 2000. Ƙauyuka da dama sun bar bikin, ko da yake cin rani ma ya taimaka, don da zarar an gama girbi samari kan kama hanyar birni.

Abin da ya tsira shi ne ɓangaren da aka iya cire shi daga tsafi. Jamhuriyar Nijar ta mayar da kokawa gasar ƙasa ta neman takobi, aka fara a Tawa a 1975. Kwaikwayo kuwa ya samu mafaka a cikin azumi: daga goma ga wata yara kan fita tashe, suna sa rigunan manya suna zolayar gwauro da marowaci, a ƙofar gidajen malamai da na sauran jama'a.