Wa Ya Biya Kuɗin Ruwan Sama?

Ya ɗan'uwana mai karatu, ina da magana da kai, kai manomin ƙasar Kano, ko na wajen Bichi, ko Ɗambatta, ko Minjibir, inda gona take manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta. Tun da rani kake ɗora taki a mangala, jaki yana kai maka gona. Ka yi shuka, ka yi noman farko, ka yi maimai. Sa'ad da rumbu ya cika da kaka, zuciyarka takan ce, "Ƙarfina ne ya ba ni." To, ina tambayarka: wace rana ka biya kuɗin ruwan sama?

A shekara ta 1913 damina ta gaza a ƙasar nan, yunwa mai tsanani ta biyo baya a 1914. A 1973 kuma ruwan da ya sauka a Kano kamar rabin abin da aka saba samu ne. A shekarun nan mai himma da rago tare suka tsaya a bakin gona suna duban sama. Taki yana nan, fartanya tana nan, amma abin da ke rayar da gero ba ya hannun mutum.

Haka ceton ranka yake. Manzo Bulus ya koya mana cikin Afisawa 2:8-9 cewa ceto baiwa ce daga wurin Allah, ana karɓarta ta wurin bangaskiya, ayyukanmu ba su saye ta ba, don haka ba mai abin taƙama. Wannan baiwa ita ce alheri. Kada ka ɗauke ta kamar gudummawar biki, wadda ake kawo maka yau, gobe ka mayar har da ƙari. Ba kuwa kuɗin ƙwadago ba ce. Cikin Matta sura 20 Ubangiji Yesu ya ba da misalin mai gona wanda ya biya ma'aikacin da ya zo da la'asar daidai da wanda ya zo tun da sassafe. Na safe suka yi gunaguni, gama suna ƙirga guminsu, ba su dubi kirkin mai gona ba.

Gardamar nan tsohuwa ce. Wani malami, Felajiyus, ya koyar cewa mutum yana iya kiyaye dokar Allah da ƙarfin nufinsa. Agustin, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, ya amsa masa cewa ko nufin yin nagarta ma daga Allah yake. Taron ikkilisiya a Kartaj ya ƙi koyarwar Felajiyus a shekara ta 418.

Watakila za ka ce, "Ai an ce tashi in taimake ka. In zauna ke nan?" A'a. Wane manomi ne yakan kwanta sa'ad da ruwan fari ya sauka? Ruwan ne yake fitar da shi da asuba, da iri a hannu. Aikin Kirista bayan alheri yake zuwa, kamar yadda shuka take bin ruwa. Godiya ce, ba biya ba.

Saboda haka ka gwada kanka. Idan maƙwabcinka ya zo neman hatsi a tsakiyar damina, ka kira shi rago, ka ba shi dami ɗaya a kan ya biya biyu da kaka, ka manta cewa kyauta aka ba ka. Idan kuwa zunubinka ya yi maka nauyi, har kana cewa sai ka gyaru kafin ka zo, ka sani gona ba ta jira ta yi tsiro kafin ta sha ruwa. Ka zo wurin Yesu Kristi yau, hannu wofi, gama hannun da ke cike ba ya karɓar kyauta.

Allah shi ba mu tawali'u mu karɓa, shi ba mu zuciya mu bayar. Amin.