HAYAƘIN MOTA DA HAKKIN MAƘWABCI

Godiya ta tabbata ga Allah da ya halicci iska, ya sanya ta kyauta ga mawadaci da matalauci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa, duk wanda ya taɓa tsayawa bakin babban titi a Birnin Ƙonni bayan La'asar ya san abin da za mu yi magana a kansa. Ga manyan motocin siminti daga Malbaza, ga na albasa daga Galmi, ga motocin haya masu zuwa Tawa ta Badagishiri, ga ƴan kabu-kabu suna kai da kawowa zuwa iyakar Najeriya. Kowa yana sakin nasa hayaƙi ya wuce. Mai tuyar ƙosai da goyonta, da almajiri, da tsoho mai tari, su ke zama su shaƙa. Mas'alar ita ce: idan mutum ya saki abin da ke cutarwa a cikin iska, bai san wanda ya cuta ba, ba kuma mai kai shi ƙara, shin akwai hakki a wuyansa ko babu?

Wannan tambaya ta dami manyan ƙasashe ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta titi da ta murhu, tana sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 7 a shekara. Saboda haka suka kafa dokokin iyakance hayaƙin mota. A 1997 kamfanin Toyota na Japan ya fito da Prius, mota mai haɗa injin mai da batir, wadda ke rage shan mai. A 2023 Tarayyar Turai ta zartar cewa daga 2035 ba za a sayar da sabuwar ƙaramar mota mai hayaƙi ba, ko da yake masu masana'antu sun matsa, har a ƙarshen 2025 aka kawo shawarar sassauci. Masu ƙera motar lantarki kuwa suna ta tsere: a 2025 BYD na ƙasar Sin ya wuce Tesla na Amurka wajen yawan ciniki, bayan da Amurka da Turai suka ƙara wa motocin Sin haraji a 2024.

Mai karatu yana iya cewa: mene ne ruwanmu da tseren attajirai? Ruwanmu biyu ne.

Na farko, motar da suka ƙi ba ta ɓacewa, jirgin ruwa ake ɗora ta. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 80 cikin 100 sun tafi ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Mu shaidu ne, domin shekara da shekaru mun ga jerin irin waɗannan motoci daga Kwatano, ta Gaya da Dosso, suna sauka Ƙonni, wasu su tsaya, wasu su ƙetara iyaka. Haka a 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta tona cewa ana kawo wa Afirka ta Yamma man dizal mai yawan kibiritu, wanda dokar Turai ta hana sayarwa a can. Wanda ya share tsakar gidansa ya zuba sharar a ƙofar maƙwabci, ba za a kira shi mai tsabta ba. Ya sauya wa ƙazanta wuri ne kurum, ya kuma ƙara da zalunci.

Na biyu, doka ba ta isa inda babu amana. A 2015 aka kama kamfanin Volkswagen na Jamus ya sanya wata dabara a cikin motoci wajen miliyan 11: idan motar ta gane ana gwada ta sai ta rage hayaƙi, idan ta hau titi sai ta sake shi. Wannan shi ne mudu biyu, ɗaya na gaban mai bincike, ɗaya na kasuwa, kuma kowa ya san azabar da Suratul Muɗaffifina ta yi wa masu tauye awo alkawari. Ilimin injiniya da yawan dukiya ba su hana algus ba.

To amma kada mu tsaya ga zargin na nesa, mu manta da kanmu. A jikin bututun hayaƙin motocin zamani akwai wata ƴar tukunya mai tace guba, a cikinta akwai ƙarfe mai tsada. Sanannen abu ne a ƙasashenmu ana yanke ta a sayar daban, a liƙe bututun, a miƙa motar ga mai saye ba tare da an gaya masa ba. Mene ne bambancin wannan da aikin wancan kamfani, in ba girman jari ba? Haka mai ruwa-ruwa da ke gauraya mai da abin da ba shi ba, da direban da ya san injinsa yana ƙona baƙin mai amma ya ce ai tana tafiya. Hayaƙin da ke fita bayansa ba ya ganinsa, shi ya sa yake ganin ba kome.

Akwai uzurin da ya kamata mu saurara da adalci. Ɗan kabu-kabu zai ce: malam, da wannan tsohon babur nake ciyar da mutum bakwai. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 abin ya yi tsada, da ƙyar nake kai cefane, ina zan samu na gyara, balle motar lantarki? Maganarsa gaskiya ce, kuma malaman fiƙihu sun san hukuncin lalura. Sai dai sun ce ana auna ta gwargwadonta, kuma ba ta share hakkin wani. Talauci uzuri ne ga rashin sayen sabo. Ba uzuri ba ne ga ɓoye aibin mota, ko barin inji yana ruri a ƙofar masallaci da likita alhali ana jiran fasinja. Kowa ana tambayarsa ne gwargwadon ikonsa: kamfani da nasa, hukuma da nata, mai babur da nasa.

Kada kuma mu ɗauka motar lantarki tsarkakakkiya ce. Mafi yawan ƙarfen kobal da ake sa wa batira daga Kwango ake haƙo shi, inda talakawa ke shiga ramuka cikin haɗari. Sannan batir yana buƙatar wuta, mu kuwa ba mu manta da duhun da muka shiga a 2023 ba, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Amma Allah ya hore mana rana. A 2018 aka buɗe tashar wutar rana mai megawat 7 a nan Malbaza. Idan irinta ta yawaita, babur da famfon ban ruwa masu aiki da batir za su fi mana amfani da motar alfarma.

Saboda haka amsarmu ita ce: akwai hakki. Iska kamar rijiyar gari ce, rashin mai gadi ba ya halatta jefa ƙazanta a cikinta. Hakkin da aka san mai shi ma ya fi sauƙi, domin ana iya zuwa a nemi gafararsa. Wanda ya watsu a ƙirjin mutum dubu, wa za a roƙa?

Muna kira ga masu sayar da motoci su bayyana aibi, makanikai su ƙi yanke matatar hayaƙi, masu mai su bar gauraye, direbobi su kashe inji in sun tsaya. Muna roƙon mahukunta su binciki abin da ke shigowa, motar da man, kada ƙasarmu ta zama jujin kowa.

Allah ya ba mu halal, ya kare mu daga cin hakkin bayinsa, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.