Alhakin Harsashi: Na Mai Harbi Ne Shi Kaɗai?

Harsashi ya yi tsada a Ingila, masu harbi kuma sai ƙorafi suke yi. Ba ɓata-gari nake nufi ba. Manoma ne masu korar hasbiya da zomaye daga gona, da masu zuwa fili ranar Asabar suna harbin faifan yumɓu da inji ke cillawa sama. Ɗaya daga cikinsu abokin aikina ne, wani dattijon Bature ɗan Lankasha, kuma daga bakinsa na fara jin lissafin. Tun 2020, lokacin korona, Amurkawa suka yi rububin sayen harsasai har kasuwa ta bushe. A 2022 yaƙin Yukiren ya janye garin albarushi zuwa masana'antun soja, garin da ake sarrafawa daga auduga, wadda da yawanta daga ƙasar Sin take fitowa. A Satumban 2024 Sin ɗin ta taƙaita fitar da antimoni, ma'adinin da ake gauraya wa darma don ta yi tauri. A Fabrairun 2025 kuɗin lasisin bindigar farauta ya tashi daga fam 79.50 zuwa fam 194. Ga shi kuma gwamnati ta sanar za ta hana harsashin darma saboda gubarta, a koma na ƙarfe.

Shi ya daɗe yana ɗura nasa da kansa. Yakan tsince kwanson da ya harba, ya dawo da shi ɗakin ajiyarsa, ya auna gari da darma a ɗan sikeli, ya rufe bakin. Na tambaye shi ko akwai sauƙi a hakan. Ya ce da can akwai, yanzu kam kayan haɗin ma sun tashi, in ka sa lokacinka a lissafi kusan faɗuwa ce. "To me ya hana ka bari?" Ya ce shi dai ya san abin da ke cikin kowane ɗaya, ya kuma san inda zai je.

Rabin maganarsa na biyu shi ya tsaya mini a rai, domin kawuna ma haka yake. Maharbi ne a wani ƙauye a kudancin Katsina, kuma adaka yake riƙewa, wadda maƙerin garinsu ya ƙera masa. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a tura tsumma, a daka da sanda, sannan a zuba darma. Harbi ɗaya gare ka. In ka kuskure, kafin ka sake ɗuri gada ta kai wani dajin. Saboda haka ba ya ɗana kunama sai ya tabbatar da abin da ke gabansa, kuma ba ya saki sai da bisimilla. Ina yaro na taɓa roƙonsa ya harbo mini wani ɗan tsuntsu a kan tsamiya, ya ce, "Ɗana, za ka ci shi? In ba za ka ci ba, me zan gaya wa Mai shi?" Bai yi karatu mai zurfi ba, amma hadisin da ya yi gargaɗi kan kashe ɗan tsuntsu ba da haƙƙi ba ya iso shi ta bakin limamin garinsu. Ko halaccin naman da bindiga ta kayar ma sai da malamai suka zauna a kansa. Dasuƙi, a sharhinsa na fiƙihun Malikiyya, ya nuna cewa magabata ba su bar nassi a kan harbi da darma ba don albarushi bai zo ba a zamaninsu, sai na baya suka yi saɓani, malaman Fas suka halatta saboda darmar tana huda jiki ta zubar da jini.

A hannun mutane irin waɗannan biyun, mai ɗuri da mai harbi mutum ɗaya ne, babu wanda zai tura wa laifi. Tambayar da ke damuna tana farawa ne inda hannayen suka rabu: wani ya ƙera, wani ya sara, wani ya ɗauko a buhun masara, wani ya harba. Alhakin ran da ya fita, a wuyan wa yake?

A Whalley Range nake zaune, a kudancin Mancesta, nakan yi Juma'a a tsohon ginin nan na titin College Road da aka buɗe a 1843 don horar da limaman coci, yau kuma cibiyar Musulmi ce. Amma inda aka taɓa yin wannan muhawara a fili Bamingam ne, garin da 'yan uwanmu da yawa ke zaune. Can akwai unguwar maƙeran bindiga, kuma gidan gwajin bindiga da majalisar dokoki ta kafa a 1813 yana nan a titin Banbury, har yau ana aiki a cikinsa. A ƙarshen ƙarni na 18 garin yana tura fiye da bindiga 100,000 a shekara zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, kuma da mutane ake biyan kuɗin da yawa daga cikinsu. Adakar kawuna jikar waɗancan bindigogin ce.

Cikin manyan masu wannan sana'a akwai Samuel Galton, attajiri, masani, kuma ɗan ɗariƙar Kiristocin nan da ake kira Kweka, waɗanda aƙidarsu ta haramta yaƙi ɗungurungum. A 1795 jama'arsa suka tuhume shi: ta yaya mai wannan aƙida zai ci abinci da ƙera makami? Bai yi shiru ba, ya buga takardar kare kai. Ya ce shekara 70 gidansu na wannan sana'a ba wanda ya ce uffan. Ya ce bindiga tana tsare dukiya da rai kamar yadda take kashewa, kuma mai ƙira ba ya ɗaukar laifin wanda ya yi ɓarna da ita. Ya kawo misalin manomin sha'ir da mai dafa giya, yana tambaya ko su za a kama da laifin mashayi. Sannan ya kawo hujjarsa mafi nauyi: a ƙasar da ke cikin yaƙi, duk mai biyan haraji, duk mai ba gwamnati rance, duk mai sayar mata da ƙarfe ko hatsi, hannunsa na ciki. A 1796 suka yanke alaƙa da shi, suka ce ba za su ƙara karɓar gudummawarsa ba. Ya ci gaba da zuwa wurin ibadarsu, ya kuma ci gaba da ƙera bindiga, har 1804 da ya bar wa ɗansa sana'ar ya buɗe banki.

Misalinsa na giya, in da Musulmi ya kawo wa, da ya sami amsa nan take. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya jero mutum goma da la'ana ta hau a kan giya, har da mai matsa ta, da mai ɗaukar ta, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. Shari'a ba ta yarda cewa yawan hannaye yana narkar da laifi ba. Sai dai makami ba giya ba ne, asalinsa halal ne, a nan Galton yana da gaskiya. Buhari ya ware babi a littafin ciniki kan sayar da makami a lokacin fitina da wanda ba na fitina ba. A ciki ya ambaci cewa Imrana ɗan Husaini ya ƙi a sayar da shi a lokacin fitina, sannan ya kawo labarin Abu Ƙatada wanda ya sayar da sulken da ya samu a Hunaini ya sayi gonar dabino da kuɗin. Kaya iri ɗaya, hukunci biyu. Abin da ya raba su shi ne zamani, da abin da mai sayarwa ya sani ko ya fi rinjaye a zatonsa game da mai saye. Malikiyya ma suna da tsanani a nan, don toshe ƙofar ɓarna ginshiƙi ne a mazhabar: inabi halal ne, amma ba ka sayar wa wanda ka san giya zai matsa.

Hujjarsa ta haraji kuwa ta shafe ni kai tsaye, kuma ba na son in wuce ta da sauri. Tafiyar kamar awa guda kudu da gidana akwai masana'antar Radway Green ta kamfanin BAE Systems, inda ake yi wa sojan Birtaniya harsashi. Ana cire mini haraji kafin albashi ya shigo hannuna, kuma wani abu daga ciki can yake tafiya. Galton zai ce mini, to ka gani, ni da kai ɗaya ne. Ban yarda ba. An taru amma ba a zama ɗaya ba. Abin da aka karɓa daga gare ka tilas, aka zuba a tukunya ɗaya da kuɗin asibiti da makaranta, ba daidai yake da sana'ar da ka zaɓa, ka san masu sayenka da suna, ka san jiragen da za su ɗauka da abin da za su dawo da shi ba. Galton ya san kayansa na zuwa hannun dillalan bayi. Daga gaskiyar cewa ba mai tsarki sarai, sai ya tsallaka zuwa cewa ba wanda za a tuhuma, kuma wannan tsallaken ne ba ya halatta. Ni ma da nawa kason, ina jin nauyinsa, amma nauyin ba ya wanke wanda ya fi ni kusa da kunamar.

Abin da ya sa wannan tsohuwar muhawara ba ta bar ni na yi barci ba shi ne gida. Tun bayan rushewar Libiya a 2011 makamai suka malalo Sahel, kuma bindigar da ke dajin Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato ba ta cin komai sai harsashi. Ba a shuka shi a daji, kai shi ake yi. Tsadarsa ba ta hana ɗan ta'adda saye, tunda da kuɗin fansar mutanenmu yake biya. Wanda take hanawa shi ne maharbi da ɗan sa-kai mai gadin ƙauye. Abin da tsadar ke ƙarawa kawai shi ne ribar mai safara, shi ya sa ake ta kama mutane, har da mata, da harsasai a cikin kayan abinci. Da gwamnatin Zamfara ta rufe layukan waya da kasuwannin dabbobi a Satumban 2021, ta hana sayar da fetur a jarka, wannan ƙa'idar ta toshe ƙofa ta bi, ko da talakan da bai ji ba bai gani ba ya sha wuya a ciki. Wanda aka ɗora wa bindiga a ka aka ce ya kawo burodi, shari'a ta san uzurin tilas. Wanda ya ninka farashi sau uku don ya san daji za a kai, yana cewa shi ciniki kawai yake yi, maganar Galton ce a bakinsa da Hausa.

Wanda ya fi tsaya mini a wuya shi ne maƙerin ƙauye. Mutanen garinsa suna zuwa masa don su kare matansu da 'ya'yansu, kuma ƙin ƙera musu zalunci ne. Amma shi ma ya san an sha samun 'yan sa-kai da suka tare Bafulatanin da bai yi komai ba a hanyar kasuwa suka kashe, kuma ya san ramuwar da ke biyo baya a kan wa take sauka. Ba zan ce ya kashe wutar maƙerarsa ba. Abin da nake gani ya wajaba a kansa shi ne abin da maƙerin kawuna yake yi tun ba a shiga wannan hali ba: ba ya ƙera wa baƙo, ba ya ƙera wa yaron da mai unguwa bai tsaya masa ba, kuma wanda aka san shi da zafin kai ko riƙon gaba yakan mayar masa da kuɗinsa ko ɗan wane ne. A yau yin hakan zai jawo masa asara, wataƙila har a kira shi ɗan leƙen asirin 'yan daji. Limamin gari da mai gari ya kamata su tsaya a bayansa ranar da ya ce a'a, su faɗa a masallaci cewa da yawunsu ya ƙi.