Lamunin Mai Gyaran Kwamfuta Daga Nesa a Fiƙihun Malikiyya

Unguwar Kokomlemle da ke birnin Akara, daf da shataletalen Kwame Nkrumah, ta yi suna da kasuwar waya da kwamfuta ta Tip Toe Lane, inda matasa da dama daga zangon Nima da Maamobi ke neman abinci da sana'ar gyara. Wani sashe na wannan aiki ya daina buƙatar a kai na'ura shago, domin manhajoji irin su TeamViewer, wadda ta fito daga Jamus a 2005, da AnyDesk da ta biyo baya a 2014, suna ba mai gyara damar ganin allon kwamfutar wani da juya ta yadda ya so, da zarar mai ita ya karanto masa lambar shaida da kalmar sirri.

Tambayar da wannan ya haifar, wato ko lamuni yana kan mai gyara, tsohuwa ce a littattafan da ake karantawa a zaurukan malaman zango. Malikiyya sun hukunta cewa mai sana'ar da ya buɗe ƙofarsa ga jama'a, kamar tela ko marini, yana lamunin kayan da aka ba shi, wato shi zai biya idan sun ɓace ko sun lalace, matuƙar ya keɓanta da su ba a kan idon mai su ba, kuma Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya kawo wannan hukunci a cikin littafinsa Risala. Amma idan an yi aikin a gaban mai kaya, malaman mazhabar sun ɗauke lamunin, saboda zargi ba shi da gurbi inda ido ke gani.

A zahiri gyara daga nesa ya yi kama da kashi na biyu, tun da kwamfutar ba ta bar ɗakin mai ita ba, yana kuma kallon kibiya tana yawo a allo. Sai dai dalilin ɗauke lamunin shi ne mai kaya yana iya gane abin da ake yi har ya hana, ita kuwa 'yar kasuwar da ke ajiye lissafinta da hotunan iyalinta a na'ura ba ta fahimtar umarnin da ake rubutawa, ba ta kuma san cewa manhajojin nan suna iya kwasar fayil zuwa wata kwamfutar ba. Kallon da babu fahimta a cikinsa bai isa a kira shi halarta ba, don haka abin da ya fi dacewa da manufar hukuncin shi ne lamuni ya zauna a wuyan mai gyara.

Batun izini ya fi wannan nauyi. Aya ta 27 ta Suratun Nur ta wajabta neman izini kafin shiga gidan wani, aya ta 12 ta Suratul Hujurati kuma ta haramta binciken asirin mutane, kuma wanda aka kira ya gyara na'urar buga takardu ba a yi masa izinin buɗe wasiƙu ba ko da suna gabansa a buɗe. Mafi muni shi ne mai gyara ya saita kalmar sirri ta dindindin, wadda za ta bar shi ya koma cikin na'urar ba tare da an sake amincewa ba, domin izinin da aka bayar don aiki ɗaya yana ƙarewa da ƙarewar aikin, abin da ya wuce nan kuwa ha'inci ne ko da bai taɓa komai ba.

Gana tana da dokar kare bayanan mutane ta 2012 da dokar tsaron intanet ta 2020, amma hukuma ba ta tsaye a kan mai gyara sa'ad da yake cikin na'urar wani. Ya kamata limaman Nima da Maamobi su shigar da wannan mas'ala cikin huɗuba da karatun fiƙihu, masu shaguna kuma su koya wa yaransu cire manhajar a gaban mai kaya kafin su karɓi ladan aiki.