Tsohuwar Kwamfuta da Batun Dawowar Abin da Ya Shuɗe

Kwamfutar IBM samfurin 5160, wadda aka fi sani da XT, ta shigo kasuwa a watan Maris na 1983. Masarrafarta Intel 8088 ce mai gudun megahaz 4.77, ma'adanarta ta wucin gadi kilobait 128, babban faifanta kuwa megabait 10 yake ci, wato hotuna uku ko huɗu na wayar yau sun isa su cika shi. Babbar manhajar da ta zo da ita ita ce PC DOS 2.0, wadda kamfanin Microsoft ya rubuta wa IBM. Har yau akwai masu sha'awa da ma'aikatan gidajen tarihi da ke zaƙulo irin wannan na'ura daga ɗakin shirgi, su kakkaɓe ta, su ɗora mata DOS tun daga tushe. Aiki ne na mai haƙuri, kuma a ƙarƙashinsa akwai tambayar da masana falsafa da malaman tauhidi suka daɗe suna kai-kawo a kanta: idan abu ya shuɗe sannan aka maido shi, shi ɗin ne ya dawo ko kuwa mai kama da shi?

Wanda ya san aikin ba ya farawa da jona wuta. A kan babban allon da ke cikin na'urar akwai wasu ƙananan kafasito na tantalam, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba, waɗanda tsufa kan sa su haɗe wuta. Wani ya fashe da ƙara da ɗan hayaƙi mai ƙauri, wani kuma ya sa na'urar ta yi gum, fanka ya motsa sau ɗaya ya tsaya. Sai an bi su da mita an auna, a narka darma a cire wanda ya mutu, a dasa sabo. Bayan haka sai a koma kan wasu 'yan makunnai guda takwas da ke jere a kan allon, waɗanda da tsinin biro ake tura su. Da su ake gaya wa XT yawan ma'adanar da ke kanta, da irin allon kallon da aka haɗa mata, da yawan ramukan faifai, domin ba ta da shafin saiti irin na kwamfutocin baya-bayan nan.

Sai batun faifan DOS ɗin kansa. Faifai ne mai laushi, faɗinsa inci biyar da kwata, an raba kowace fuska tasa zuwa layuka 40, kowane layi gida tara, kowane gida bait 512, jimilla kilobait 360. Faifan da ya shekara arba'in a cikin kwali sau da yawa ya yi fumfuna, ko kuma maganaɗisunsa ya yi rauni, har ma yakan saɓule a kan allurar karatu ya ɓata ta. Saboda haka abin da aka fi yi shi ne a nemo kwafinsa da wani ya ɗauka shekarun baya ya ajiye a matsayin fayil. Mayar da fayil ɗin kan faifai ma wani aiki ne: na'urar rubuta faifai ta megabait 1.2 da ta zo daga baya layinta ya fi siranta, don haka abin da ta rubuta a kan faifan da aka taɓa amfani da shi yakan rikita na'urar XT. Da yawa sukan haƙura su sa wata 'yar na'ura mai suna Gotek, wadda ke karanta filash ta riƙa yi wa kwamfutar kamar faifai ne a ciki.

Idan an dace DOS ya tashi daga faifai, saura shirya masa mazauni. Ana fara shata layuka a kan babban faifan, a yanka masa yanki da umarnin FDISK, sannan a buga FORMAT C: /S, wanda zai share yankin ya kwafa fayiloli uku: IBMBIO.COM da IBMDOS.COM, waɗanda ke ɓoye, da COMMAND.COM mai karɓar umarni. Wannan idan babban faifan yana da rai ke nan. Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, sai a maye gurbinsu da katin XT-IDE da ƙwaƙwalwar CompactFlash irin ta tsofaffin kyamarori. A ƙarshe a zare faifai, a kashe, a kunna, na'urar ta ƙirga ma'adanarta a hankali, ta yi ƙara sau ɗaya, DOS ya tambayi kwanan wata, sannan harafin C ya bayyana da ɗan layi yana ƙiftawa a gabansa.

A nan ne ya kamata a yi lissafi. Kafasito sababbi ne, babban faifan ba shi ba ne, faifan DOS kwafin kwafi ne, wataƙila ma ba faifai ba ne sam. Me ya rage na 1983?

Tambayar ta girmi kwamfuta da nisa. Marubucin Girka Fulutak ya ba da labarin jirgin ruwan Tisiyas da mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka rabu biyu a kan ko jirgin yana nan ko ya tafi. A 1655 Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara wa matsalar gishiri: a ƙaddara wani ya riƙa tsince tsofaffin katakan yana tarawa, daga baya ya harhaɗa su, wanne ne jirgin Tisiyas a cikin biyun? Manomin da ya gaji fartanya, ya sauya mata ƙota sau uku, maƙeri ya sauya mata ruwa sau ɗaya, amma bai fasa kiranta fartanyar babansa ba, ya riga ya zaɓi ɓangare ko da bai taɓa jin sunan Hobbes ba. Abin da ya bambanta mai gyaran kwamfuta shi ne, a wurinsa misalin Hobbes ba ƙaddarawa ba ce. Kwalin matattun kayan yana nan a ƙarƙashin tebur, kuma su ne ainihin abin da ya fito daga masana'anta, alhali wadda ke aiki a kan tebur rabinta baƙo ne.

Gidajen tarihi ma ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. CSIRAC, kwamfutar Ostareliya da ta fara aiki a 1949 aka kashe ta a 1964, tana nan a Melbourne da kayanta na asali, amma ba a kunna ta. A Bletchley Park ta Ingila kuwa, an gyara kwamfutar Harwell Dekatron ta 1951, aka sake kunna ta a 2012, baƙi suna kallon fitilunta suna zagayawa. Masu ra'ayin farko suna ganin kunnawa cin na'urar ne, domin duk abin da ya ƙone sai an sauya shi. Na biyun suna ganin kwamfutar da ba ta lissafi gawa ce kawai da aka yi wa wanka. Kowanne ya adana wani abu ne ta hanyar sallama wani.

Akwai wata mafita mai jan hankali, wadda ta bi tsohon rabon nan na Aristotal da falsafar Musulunci ta gada, tsakanin madda, wato abin da aka yi abu da shi, da sura, wato tsarin da ya sa ya zama abin da yake. A wannan mahanga ƙarfe da roba madda ne, DOS kuwa sura ce tsantsa, jerin lambobi da ba ruwansu da inda aka rubuta su. Wanda ya tashi a inda ake kwafar littattafai da hannu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Almajirin da ya kwafi Ahalari ko Ishmawi da tawada a kan sabuwar takarda ba wanda zai ce masa ba littafin ba ne a hannunsa, muddin bai tsallake layi ba. Kwafin manhaja ma ya fi wannan aminci, tunda ana iya gwada shi da na asali bait bayan bait. Idan haka ne, to wahalar darma da fumfuna ta mece ce? Ga manhajojin kwaikwayo irin su DOSBox da 86Box, waɗanda ke gina tsohuwar kwamfuta ta ƙarya a cikin kwamfutar zamani, DOS ya shiga ya zauna bai san an yi masa wayo ba.

Hujjar tana da ƙarfi, kuma ta taɓa yin ceto. A 1986 BBC ta tattara bayanai da hotunan rayuwar Birtaniya a kan faifan leza guda biyu, don cikar shekara 900 da rubuta kundin Domesday na 1086. Kafin a cika shekara ashirin, na'urorin karanta faifan sun kusa ƙarewa, alhali kundin Domesday ɗin, na fata tun zamanin Sarki William, yana nan ana karanta shi. A 2002 wani aikin haɗin gwiwa na jami'o'in Leeds da Michigan mai suna CAMiLEON ya farfaɗo da aikin na BBC ta hanyar kwaikwayo.

Sai dai surar ba ta rabuwa da maddarta tsaf kamar yadda hujjar ke so. Masu rubuta manhaja a farkon shekarun 1980 da yawa ba su auna lokaci da agogo ba, sun dogara ne da gudun masarrafar kanta. Wasan da aka tsara a kan megahaz 4.77, idan aka sa shi a na'ura mai sauri, kafin mai wasa ya ɗaga yatsa an gama da shi. Dalilin da ya sa kwamfutocin da suka biyo baya suka zo da maɓallin turbo ke nan, wanda babban amfaninsa, duk da sunansa, shi ne rage gudu. Shi kansa adadin 4.77 ɗin an samo shi ne daga raba megahaz 14.318 gida uku, wannan kuwa ninki huɗu ne na siginar launi ta talabijin ɗin Amurka. Wasu masu zane sun yi amfani da yadda talabijin ke cakuɗa ɗigogin katin hoto na CGA suka fitar da launukan da ba su cikin lambobin ko kaɗan. A kan allon zamani hoton sai ya koma zane-zanen tsaye marasa kyan gani. Ashe wani sashe na aikin ba a cikin fayil yake ba, yana cikin jinkirin injin ne da aibin gilashinsa. Manhajar kwaikwayo tana iya koyon waɗannan, kuma ta koyi da yawa, amma sai wani ya fara ganinsu a kan na'urar gaske kafin ya san akwai abin koyo.

Wannan ya nuna cewa abin da ake nema ba jikin ba ne shi kaɗai, ba kuma rubutun ba. DOS a kan faifai kwance yake kamar waƙa a takarda. Abin da mai gyara ke marmari shi ne rerawar, wato gudanar manhajar a cikin injin, kuma gudana aukuwa ce, ba kaya ba ce da za a sa a akwati. Duk lokacin da aka kashe wuta, abin da ke cikin ma'adanar wucin gadi ya tafi baki ɗaya. Ko wutar na kunne ma ba zaune yake ba: kowane ɗigon bayani ɗan caji ne da ke tsiyayewa, shi ya sa wani agogo a cikin XT ke tayar da aikin sabunta ma'adanar sama da sau dubu 66 a kowace daƙiƙa. Abin da ido ke gani a matsayin dawwama sabuntawa ce da ba ta yankewa.

Mai karatun tauhidi zai ji wannan ya yi masa kama da wani abu. Malaman Ash'ariyya sun raba halitta zuwa jauhari da arali, wato abin da ke tsaye da kansa da siffar da ke bijiro masa, kamar launi ko motsi, kuma sanannen ra'ayinsu shi ne arali ba ya wanzuwa lokaci biyu, Allah ne ke halittar makamancinsa a kai a kai. Daga nan muhawarar maido da abin da ya gushe ta samo asali. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ce ba zai yiwu abin da ya gushe ya dawo shi da kansa ba, kuma ɗaya daga cikin hujjojinsa ita ce da zai dawo da dukkan abin da ya keɓance shi, da sai lokacinsa ma ya dawo, in kuwa lokacin farko ne ya dawo to ba a kira shi dawowa ba. Jumhurun Ash'ariyya sun ce mai yiwuwa ne ga ikon Allah. Jauharatut Tauhid ta Ibrahim al-Laƙƙani, wadda ake karantawa a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa, ta kawo maganganu biyu a kan tashin jiki, ko daga gushewa ne ko daga warwatsuwa, ta kuma ambaci saɓani a kan dawowar arali da ta zamani. Waccan muhawara a kan ikon Mahalicci take, ba a auna ta da aikin mai darma. Abin da za a iya aro daga gare ta shi ne rabe-raben: jiki daban, siffofin da ke bijiro masa daban, zamani daban.

Idan aka ɗora aikin XT a kan wannan ma'auni, na farko yana samuwa gwargwado, ta hanyar tara warwatsattun sassa da cike giɓi. Na biyu makamancinsa kawai ake samu, amma haka yake tun a 1983, domin kowace safiya sabuwar gudana ce ko a hannun mai ita na farko, saboda haka ta wannan fuska mai gyaran yau bai gaza shi da komai ba. Na ukun ne ya gagara. Wanda ya zauna gaban XT a 1983 yana gaban na'ura ce mai tsada, sabuwa fil, megabait 10 kuwa fili ne da bai san ranar cika shi ba. Na yau yana jiran ta gama ƙirga ma'adana da waya a aljihunsa wadda ta ninka ta sau dubbai. Jinkirin da yake jin daɗinsa, wancan bai ma san jinkiri ba ne.

Na'urar da kanta ba ta riƙe zamani. XT ba ta zo da agogo mai batir ba, don haka duk sanda aka kunna ta DOS yakan nuna ranar Talata, 1 ga Janairu 1980, ya tsaya yana jiran a gyara masa. Zai karɓi kowace rana har zuwa ƙarshen 2099. Mai gyara na iya buga kwanan watan yau, fayilolinsa su fito da shekarar da masu ƙera injin ba su gani ba. Yana kuma iya danna maɓallin shigarwa ya wuce, kamar yadda masu gaggawar wancan zamani suka saba, shi ya sa tsofaffin faifai suke cike da wasiƙu da lissafin kuɗi masu ɗauke da ranar farko ta 1980, shekara uku kafin a ƙera injin da ya rubuta su.